Fulogi Biyu a Gwangwanin Shayi

Shekara talatin da bakwai Mu'allim Zaharaddeen ya yi yana gyaran babura a Jidda, kuma duk wanda ya taɓa kawo masa aiki ya san dokarsa. Abin da ya cire daga jikin babur, ko waya ce da ta tsinke, ko noti ne da ya cinye, sai ya zuba a leda ya miƙa wa mai babur. Idan mutum ya ce ya yar kawai, ba ya yarda.

"Kayanka ne," haka yake cewa. "Ka je gida ka duba da idonka. Bakaniken da ya riƙe abin da ya cire, akwai abin da yake ɓoyewa."

Bai yi makarantar kanikanci ba. A Karantina ya koyi aiki, unguwar da aka haife shi, a kan tsofaffin babura masu kafireta, da kunne da hanci da yatsa. Da aka rushe unguwar, ya kama warsha, wato shagon gyara, a bakin Madinar Masana'antu, ya kwaso ƙarafansa da sunansa. Sunan shi ne abin da ya fi ji da shi. Ana cewa injin da ya bi ta hannun Mu'allim ba ya dawowa a bayan mota. Shi ma yakan faɗa da bakinsa, fiye da yadda ya kamata. Ga shi da saurin wa'azi. In ka kawo babur da baƙin mai ya daɗe, sai ka ji huɗuba a kan amana kafin ya ɗauki sifana.

A tsallaken titi akwai shagon Turki, ɗan wani maƙwabcinsa na Karantina da ya rasu. Turki ya kai talatin, yana jin Hausa sarai, amma in zai amsa sai Larabci ya rinjaye shi. Sana'arsa barmaja ce: ya jona kwamfuta da ƙwaƙwalwar babur, ya sake mata tsarin yawan man da za ta riƙa ba injin. Zaharaddeen ba ya kiransa bakanike. Ɗan duba yake ce masa, kuma da ƙarfi, yadda za a ji daga tsallake.

Wata safiyar Asabar Usuman ya shigo warsha a kan babur. Usuman mijin Mastura ne, ƙanwar Zaharaddeen. A tashar jiragen ruwa yake tuƙa injin ɗaga kaya, mutum ne mai sanyin hali, kowa Abu Joud yake kiransa da sunan 'yarsa. Babur ɗin na hannu ne, babba, irin na doguwar tafiya, mai silinda biyu, da akwatuna gefe da gefe da kujerar baya mai majingina. Injinsa yana nan yadda ya fito daga kamfani, ba a taɓa sa masa hannu ba.

Zaharaddeen ya san dalilin sayensa. Tun da suka bar Karantina, Mastura take zaune a hawa na uku a wata unguwa da ba ta san kowa ba. Macen da a da ba a rasa baƙi a tsakar gidanta, yanzu sai ta wuni ba ta yi magana da kowa ba. Usuman ya yi mata alkawarin in furanni suka buɗe a Ɗa'ifa zai goya ta su hau dutsen Hada, su je inda mahaifinta ya taɓa kai su suna yara, ita da yayanta. Wata biyu tana maganar.

"Ya Mu'allim," in ji Usuman, "na gwada hawan Hada ni kaɗai satin da ya wuce. Ya hau, amma yana nishi. To ina ga na ɗauko ƙanwarka da kayanta?"

"Ka faɗi haka a gabanta in ka isa."

Usuman ya yi dariya. "Wallahi ban isa ba. Na tambayi masu irinsa, sun ce ba sai an buɗe injin ba. Abu uku ne, kuma ba su fi ƙarfina ba. Filta mai barin iska ta shiga sosai, salansa mai barin hayaƙi ya fita da sauri, sai barmaja."

"Biyun farko aiki ne. Na ukun duba ne."

"Sun ce in iska ta ƙaru dole mai ya ƙaru, in ba haka ba injin zai riƙa zafi."

"Su wa suka ce? Masu tara gemu a bakin teku suna ɗaukar hoto da babura?" Zaharaddeen ya buga tafin hannu a kan kujerar babur. "Akwai ƙwaƙwalwa a ƙarƙashin nan. Don me aka sa ta? In ta ji iska ta ƙaru, ita za ta ƙara mai da kanta. Ba sai ka kai wa ɗan duba guminka ba."

Gaskiyar magana, bai sani ba. Ya taɓa ji cewa ƙwaƙwalwar tana ɗan gyara kanta, amma iya ina take kaiwa, bai sani ba. A zamanin kafireta da sukuddireba yake ƙara mai, ya kasa kunne, ya gane. Wannan kuwa akwati ne baƙi rufaffe. Tsakaninsa da mai amsar taku ashirin ne. Abin da ya hana shi taka su girman kai ne, ba shi da wani suna.

Aikin kansa ya yi shi da kyau. Ya samo filta mai kyau, ya zagaya har ya sami salansa ta hannu wadda ba ta da ƙarar tsiya, don ya tsani babur mai tada unguwa. Ya ɗaura, ya ɗaure kowane noti a ma'auninsa, ya sa sababbin fulogi biyu. Ranar Laraba bayan la'asar ya hau ya nufi kudu, hanyar bakin teku, don gwaji.

Babur ɗin ya sake hali. Da ya murɗa totur sai ya ji kamar an cire wa injin ƙulle a wuya. Yana ja tun daga ƙasa, ba nishi. Zaharaddeen, mutumin da ya manta rabonsa da gudu, ya sami kansa yana murmushi a cikin hular kwano.

Sai dai kunnensa bai tsufa ba. Duk sa'ad da ya saki totur, salansa sai ta yi ta harbi, fat, fat, fat. Zafi ya riƙa dukan cinyarsa ta dama fiye da yadda ya saba ji. Da ya zo hawan wata gada a babbar giya, ya ji ƙara siririya daga cikin injin, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani.

Da ya dawo warsha ya bari injin ya huce, ya kwance fulogin. Kowane tsohon bakanike yana karanta fulogi. In mai da iska sun daidaita, bakinsa yakan ɗauki launin shayi da madara. In mai ya yi yawa, ya yi baƙi. Waɗannan biyun fari ne fat kamar alli, na silindar baya har da ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa masa barkono. Injin yana shan iska, mai bai ishe shi ba. Yana ƙona kansa.

Ya daɗe yana juya su a tafin hannu. Ya ɗaga kai, ya hango Turki a tsallake, zaune a kan kujerar roba da kwamfuta a cinya. Ya tuna yawan mutanen da suka ji shi yana cewa ɗan duba. Sai ya ce wa kansa ai tafiyar ba ta da nisa, ai saman dutse akwai sanyi, ai Abu Joud ba mai gudu ba ne. Ya buɗe wani kwali, ya sa wasu sababbin fulogi. Fararen biyun ya jefa su a cikin wani tsohon gwangwanin shayi da yake ajiye allurai da ƙananan ƙusoshi, ya rufe, ya tura bayan kanta.

Ranar Alhamis Usuman ya zo ɗauka. Zaharaddeen ya miƙa masa ledarsa kamar kullum: tsohuwar filta, tsofaffin fulogin da babur ya zo da su, ga salansar kamfani a naɗe da kwali. Usuman ya tada injin, fuskarsa ta cika da haske.

Ƙarar ce ta fito da Turki. Ya tsaya a bakin titi, ya sa hannu a ƙirji.

"Ya Ammi, ma sha Allah, aiki nazif, tsaf. Bas, amma fa, jiya na ji yana harbi in ka saki. In kana so in duba, minti ashirin, ba kuɗi. Don Abu Joud."

Abdulghaffar mai faci, wanda shagonsa ke jikin warsha, ya leƙo. Wasu direbobi biyu da ke jiran taya suka juyo.

"Turki," in ji Zaharaddeen, "ranar da aka raɗa maka suna ni na gyara babur ɗin da ubanka ya ɗauko rago a kai. Koma ka ci gaba da duba."

Aka yi dariya. Turki ya ce, "Ɗayyib, ya Ammi," wato to, Baffa, ya koma. Usuman ya dubi wannan, ya dubi wancan, sannan ya sa hularsa. Ya zaɓi yayan matarsa, kamar yadda kowane mutumin kirki zai yi.

"Kada dai ka matsa masa a hawa," abin da Zaharaddeen ya iya faɗa ke nan.

Ranar Juma'a bai ji huɗuba ba, yana zaune a sahu na biyu hankalinsa yana kan dutse. Yana fitowa daga masallaci ya ga kira huɗu a wayarsa.

Da hantsin Asabar motar ɗaukar matattun motoci ta tsaya a ƙofar warsha, babur a bayanta a ɗaure da igiya. Layin kaf ya fito kallo. Ba a taɓa ganin haka a ƙofar Mu'allim ba. Usuman ya sauko daga gaban motar, fuskarsa ta ƙone da rana.

"Mun fara hawa ke nan, wata babbar mota ta tare gaba, muna binta a hankali. Sai na ji yana ƙwanƙwasa. Na ce bari in wuce ta, ina murɗawa sai ya yi wata ƙara, hayaƙi fari ya fito, halas, shi ke nan."

Zaharaddeen ya ji idanun mutane a bayan wuyansa. Ya zagaya babur, ya buɗe murfin tanki kamar mai neman wani abu.

"Wane mai ka zuba?"

A gidajen mai fetur iri biyu ne, kore mai araha da ja mai ƙarfi, kuma irin wannan babur ja yake so.

"Kore," in ji Usuman a hankali. "A gindin dutse layin ja ya yi tsawo, Mastura tana tsaye cikin rana. Na ce rabin tanki ba zai yi komai ba."

"To ai ka gama magana!"

Muryar Zaharaddeen ta dawo gaba ɗaya, har ta fi ta da. Ya yi wa Usuman wa'azi a gaban jama'a, a kan gaggawa, a kan ƙwauro, a kan mutumin da ake yi wa aiki tsakani da Allah ya je ya ɓata da hannunsa. Yana magana yana jin kansa, kuma bai tsaya ba. Usuman ya sunkuyar da kai yana cewa, "Haka ne, Mu'allim. Haka ne."

"Daga yau ba Abu Joud ba ne," in ji Abdulghaffar. "Abu Kore ne!"

Sunan ya kama kafin azahar. Turki kaɗai bai yi dariya ba. Ya tsaya a ƙofar shagonsa ya ɗan duba, ya shige ciki.

Bisa al'ada, duk Juma'a Zaharaddeen a gidan ƙanwarsa yake cin abincin rana. Juma'ar da ta biyo ya so ya ƙi zuwa, ya rasa dalilin da zai bayar. Mastura ta shimfiɗa leda a ƙasa, ta ajiye faranti babba na shinkafa da kifi, ta zauna daga gefe.

"Yaya, ba ka ji labarin daga bakina ba. Awa biyu muna tsaye a gefen dutse. Ni da abaya da hular kwano, kamar wadda za a harba sama. Motoci na wucewa, ana ɗaukarmu a waya. Sai ga birai sun sauko. Wani ƙato ya zo ya buɗe akwati kamar shi ya haɗa kayan, ya ɗauke sambusar da na tashi tun asuba na soya. Ya zauna a kan ƙarfen titi yana ci yana kallona."

"Mastura," in ji Usuman.

"A'a, bar ni in faɗa. Ko ƙamshin fure ban ji ba. Daga nan ina hango inda hazo ya fara, can sama. Ban kai ba. Saboda me? Saboda wani bawan Allah ba zai iya tsayuwa a layi minti goma ba." Ta tura masa kwanon yaji. "Ga shi nan, ja ne. Ko in kawo maka kore?"

Usuman ya ɗan tsakuri shinkafa ya ajiye. Zaharaddeen ya lura ba Abu Joud take ce masa ba, ba ta ma kiran sunansa. Shekara ashirin da aurensu, bai taɓa jin ta yi masa magana da irin wannan murya ba.

"Yaya ya sha wahala a banza," ta ci gaba. "Shi da ba a taɓa dawo masa da aiki ba, sai a kan surukinsa."

Usuman ya juyo, ya dube shi sosai. "Wannan shi ya fi damuna. Ka yafe mini, Mu'allim. Na ɓata maka aiki, na ɓata maka suna a layinku. Na yi magana da masu sayen matattun babura, ba gobe ba, ran Asabar ta sama za su zo su ɗauka. Irina ba shi da hannun riƙe babur."

Zaharaddeen ya ajiye kifin da ke hannunsa. Ya kamata ya yi magana a nan, a kan ledar nan. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Ba komai. Allah ya kiyaye gaba." Ya yafe wa mutumin da ya zalunta, ya wanke hannu, ya sauka hawa uku.

A satin nan ya buɗe injin, ko da yake ba wanda ya sa shi. Fistin baya ya huje a tsakiya, bakin ramin ya narke kamar kyandir. Bawul ɗin hayaƙi ya yi fari ya tsage. Ya jera su a kan tsumma. Ya yi kwana uku yana aiki da baya ga kantar da gwangwanin yake. Wani ya kawo babur da baƙin mai ya zama kwalta, Zaharaddeen ya buɗe baki zai fara maganar amana, sai ya rufe, ya juye man shiru. Mai babur har ya tambaye shi ko lafiya.

Ranar Alhamis da rana tsaka, lokacin da layin ya yi tsit don zafi, ya jawo gwangwanin, ya ɗauki fistin, ya tsallaka titi. Taku ashirin da uku ne, ya ƙirga.

Turki ya miƙe da sauri ya jawo masa kujera. Zaharaddeen bai zauna ba. Ya zazzage fulogin a kan tebur, kusa da kwamfuta. Turki ya ɗauki na bayan, ya kai shi bakin ƙofa wajen haske, ya daɗe yana dubawa.

"Wannan bayan tafiya ne, ya Ammi?"

"Kafin. Ranar Laraba. Kilomita arba'in."

Turki ya ajiye shi a hankali, bai ɗago ba.

"Tambaya ɗaya na kawo," in ji Zaharaddeen. "Kada ka duba furfurata. Da ja ya zuba, da ya kai?"

"Koren ya ƙara, wannan gaskiya ne. Bas..." Turki ya nemi kalmar Hausa, ya samu. "Yunwa ce ta kashe shi. Iska da yawa, mai kaɗan, mutum biyu, hawa, zafi. Da ja ne, yimkin, wataƙila, ya ƙara shan kwana uku ko huɗu a hanyar dutsen. Ba zai kai sama ba. Ƙwaƙwalwar tana gyara kaɗan in kana tafiya a hankali. In ka buɗe totur a hawa, abin da kamfani ya rubuta mata take bi, kuma kamfani bai san ka sake filta ba."

Minti ɗaya bai cika ba ya gama bayanin. Abin da ya gagara tambaya ke nan.

Turki ya tattara fulogin ya mayar a gwangwani, ya rufe, ya tura masa. "Ni ban ga komai ba, ya Ammi. Kai abokin babana ne. Halas, ya wuce."

Da Turki ya zage shi, da ya fi masa sauƙi. Mutumin da ya yi shekara uku yana muzantawa shi ne yake miƙa masa mayafi. Zaharaddeen ya ɗauki gwangwaninsa.

"Ran Asabar ka fito in na kira ka."

Asabar da hantsi Usuman ya zo a motarsa don ya sadu da masu sayen babur. Mastura tana gaba, za su wuce kasuwa, ba ta fito ba, gilashi a rufe. Abdulghaffar yana ganinsa ya ɗaga murya: "Ahlan, Abu Kore!" Usuman ya yi murmushin dole.

"Abdulghaffar, zo nan," in ji Zaharaddeen. "Ku ma ku zo. Turki!" Ya je ya ƙwanƙwasa gilashin motar. "Sauke gilashin, ki ji."

Mutum bakwai ko takwas suka taru, kusan duk waɗanda suka ji wa'azin waccan Asabar. Zaharaddeen ya ɗauko leda sabuwa, ya buɗe gwangwanin shayi a gabansu, ya sa fulogin biyu a ciki, ya miƙa wa Usuman da hannu biyu.

"Kayanka ne. Na cire su daga babur ɗinka ranar Laraba, kafin ka tafi, na riƙe."

Usuman ya karɓa yana duban ledar, bai gane ba.

"Duba bakinsu. Fari ne. Ma'anarsa mai bai ishi injin ba. Na gani, na gane, tun kafin ka hau. Maganinsa barmajar da ka ce a yi, na ce maka duba ce. Ban iya ta ba, ban san yadda take ba, na ƙi tambaya don kada a ce Zaharaddeen ya tsallaka titi. Ko ja ka zuba ba za ka kai ba, ga Turki nan ku tambaye shi. Na ɗora ka da ƙanwata a kan injin da na san yana ƙonewa, a kan dutse. Da ya ci ku a kwana, da ni ne. Da kuka dawo na sami koren mai na laɓe a bayansa. Ka nemi gafarata, na ba ka, ban ji kunyar Allah ba."

Abdulghaffar ya dubi ƙasa, ya shiga goge hannunsa da tsumma, hannun da ba abin da ya taɓa.

Usuman ya fito da fulogi ɗaya, ya juya shi, kamar zai iya karantawa.

"Da ka ce mini ba ka sani ba, Mu'allim," ya ce. "Wallahi da ba abin da zai ragu."

Zaharaddeen ya juya wajen motar. Mastura tana kallonsa, idonta ya cika, amma ba kuka take ba.

"Sati biyu," ta ce. "Sati biyu ina ci masa mutunci a ɗakinsa, a kan maganarka. Ka zauna ka ci kifina kana ji." Ba ta ce Yaya ba. Ta kawar da kai daga gare shi, ta leƙa ta taga, muryarta ta sauko. "Abu Joud, shigo mota. Rana tana dukanka."

Usuman ya ɗaga waya ya ce wa masu saye kada su zo, ya fasa. Sannan ya tsaya yana duban babur ɗin, injin a buɗe, an rufe shi da tsumma.

"Turki, akwai wuri a shagonka?"

"Akwai, ya Abu Joud. Bas..."

"A kai shi can."

Bai faɗa da fushi ba, kuma bai dubi kowa ba. Ya shiga mota, ledar tana hannunsa, suka tafi.

Abdulghaffar ya matso zai kama. Zaharaddeen ya ɗaga masa hannu. Shi kaɗai ya ture babur ɗin daga kan ƙafarsa, ya kama ƙaho, ya tura. Babur ne mai nauyin gaske, ga kwalta ta yi laushi don zafi. A tsakiyar titi wata babbar mota ta tsaya tana jiransa, direban yana kallo daga sama. Ya kai shi har cikin shagon, ya koma ya kwaso kan silinda da fistin da notuna a tire, ya sake tsallakawa.

"Ya Ammi," in ji Turki da ya ga ba kowa kusa, "ni ban taɓa sa fistin ba. Ba ni da kayan ma."

"Na sani. Zan kawo nawa. A nan zan yi, a gabanka. Kayan gyara daga aljihuna. In na gama haɗa ƙarfe, ka ba shi mai, ina tsaye ina kallo. Abin da ban gane ba zan tambaya, kai kuma kada ka ce mini ɗayyib."

Kafin fistin ya iso, lokacin furanni ya wuce. Juma'a biyu suka shige, Mastura ba ta aiko a ce ya zo cin abinci ba, shi ma bai je ba. A layin an daina cewa Abu Kore. Wasu sun daina cewa Mu'allim, sai Zaharaddeen kawai, kuma yana amsawa.

Ranar da fistin ya zo, ƙarfe bakwai ya rufe warsharsa, ya ɗauki akwatin kayan aiki ya tsallaka. Turki ba ya buɗewa sai tara. Zaharaddeen ya san haka. Ya ajiye akwatin a bakin ƙofa, ya zauna a kai, fuskarsa tana kallon titi, masu wucewa suna ganinsa.